Gyaran Murya a Bakin Lungu

A gidanmu na Agege da ke Legas, a iya sanina, babu wanda ya taɓa furta cewa Baba yana shan taba. Kowa ya sani, amma ba a faɗa. Bayan ɗakinsa akwai wani siririn lungu inda yake jibge tsofaffin kwandunan goro, don sayar da goro ne sana'arsa. In ya gama cin abinci sai ya ce, "Bari in duba kwandunan nan." Mu kuwa tun muna yara Inna ta koya mana, in za a bi lungun zuwa rijiya, sai an tsaya an yi gyaran murya. Sai ka ji ya murje wani abu da takalmi, ya fito yana taunar goro, ku gaisa kamar babu komai. Shi yana jin kunyarmu, mu muna rufa masa asiri.

Bayan na gama jami'a na dawo gida, na tarar da tarinsa ya canza. Ya yi zurfi, kuma ba ya wucewa. Tunda ba zan iya tunkararsa ba, sai na tafi Alaba Rago wurin amininsa mai sayar da raguna, wanda muke kira Baffa. Shi kam a fili yake shan tasa.

"Baffa, ina ganin kamar tarin nan na Baba, wataƙila yana da alaƙa da..."

"Da me? Faɗi mana, oga ɗan boko. Ka yi digiri, kalma ɗaya ta gagare ka?"

"Da hayaƙi."

Ya yi dariya har ya sarƙe. "Na motocin danfo ko na janareta? Je ka tsaya a Abule Egba da safe ka shaƙa, sannan ka zo ka yi mini maganar karan sigari. Ɗana, garin nan garin ruwa ne. Danshi ke shiga ƙirjin mutum, taba ke busar da shi. Tana kwantar da abinci, tana sauke fushi. Ba don ita ba, da tuni babanka ya mammari rabin 'yan kasuwa."

Ba likitanci na karanta ba, amma na san tana cin huhu, tana taɓa zuciya, tana iya jawo ciwon daji. Na faɗa masa haka. Ya ce kakansa ya sha har haƙoransa suka zube don tsufa. Na ce ai ba kowa take kamawa iri ɗaya ba, amma yawanci...

"Yawanci! Wataƙila! In ka tabbatar ka dawo."

Da ƙyar Inna ta shawo kan Baba ya yarda na kai shi asibiti. Likitar wata Bayarabiya ce matashiya, da Turanci take tambaya, ni ina fassara masa, don Baba ba ya jin Turanci. Ta saurari ƙirjinsa, ta daɗe tana saurare. Sannan ta ce in tambaye shi ko yana shan taba.

Na ce, "Baba, wai tana son ta sani, ko kun taɓa... ko kuna shan taba."

Ya kafa wa bango ido. "A'a."

Na tsaya. In na maimaita mata a'ar nan, za ta nemi cutar a inda ba ta. Sai na rage murya, na ce mata da Turanci yana sha tun kafin a haife ni, amma don Allah kada ta nuna daga bakina ta ji. Ko ba ta ji ƙarshen maganar ba ne, ko ba ta ga dalilin ɓoyewar ba, ban sani ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta juya gare shi cikin ladabi, da Yarabanci, wanda ya fi ni iyawa.

"Baba, ɗanku ya ce kun daɗe kuna sha. In ba ku daina ba, magani ba zai yi wani tasiri ba."

Bai kalle ni ba. Ya gyara zaman hularsa, ya yi mata godiya. Ta ce a ɗauki hoton ƙirjinsa, a dawo mata da shi.

Ba a ɗauki hoton ba har yau. Duk sanda na tayar da maganar sai ya ce, "Ai an gan ni, ya isa." Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Inna ta ce, "Da ka bari sai ya fita, ka koma ka gaya mata." Mai yiwuwa tana da gaskiya. Mai yiwuwa kuma da hakan ma bai canza komai ba. Na juya abin a raina har na gaji.

Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma yanzu sai ya huta a hanya kafin ya kai masallaci. Kwanan baya da hantsi na ɗauki bokiti, na tsaya a bakin lungun, ina jin ƙaurin tabar da tarin da ke biyo bayan kowace zuƙa. Na ce a raina yau zan shiga kawai, in same shi da ita a hannu, mu yi maganar ido da ido, ko ya yarda a koma asibiti. Na ɗaga ƙafa. Sai na ji maƙogwarona ya riga ni, na yi gyaran murya.

Takalmi ya murza ƙasa. Ya fito yana taunar goro, hannunsa ɗaya dafe da bango.

"Ka tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya ƙirjin?"

"Da sauƙi," in ji shi.

Na matsa gefe na ba shi hanya.