Rufin Barba Jerko

Barba Jerko ya ƙare ƙuruciyarsa yana jefa igiya a jirgin fito, mai kai mutane da motoci daga gaɓa zuwa tsibiri. A can ya kamu da ciwon son iska. Bura, iskar da ke gangarowa daga dutsen Velebit ta afka wa teku, ita ce mai iko da jirgin fito. In ta ce ba tafiya, to ba tafiya. Sauran ma'aikata tsine mata suke yi. Shi kuwa sai ya karkata kai ya saurara, ya ce ta yau ta fi ta jiya, a musa masa, ya rasa hujja. Saboda haka yana yin ritaya ya sayo ma'aunin iska, 'yan kofuna uku masu juyawa a kan sanda, ya kafa a ƙololuwar rufinsa. Matarsa Luce ta ce ta ga masu sayen kwalekwale, ta ga masu sayen tumaki, amma mai sayen abin da zai gaya masa ana iska alhali ga ta tana cire masa hula, sai a gidanta.

A tsallaken ruwa, a tsibiri, akwai Vinko mai cukun tumaki. Shi ya tsaya wa Jerko ranar aure, shi ya riƙe 'yarsa Nevenka a coci ranar baftisma, don haka kum suke da juna, ba sa kiran suna sai "kume". Da ya ji Jerko ya kafa ma'auni, shi ma ya kafa, ya kuma tabbatar sandarsa ta ɗara tsawo. Tun daga nan ba a yi guguwar kaka ɗaya ba tare da sun yi musu a kanta ba.

Ba su kaɗai ba ne. Duk tsawon gaɓar akwai irinsu: tsohon direban bas, wani mai kiwon zuma, wata malamar makaranta da ta bar aiki. Da fari ta rediyo suke kiran juna, daga baya 'ya'ya suka buɗe musu zaure a waya. Allah bai halicci mutane masu alfahari da masifarsu kamar waɗannan ba. Iska ta kifar wa mutum da rumfa, maimakon ya yi salati sai ya ruga ɗaukar hoto. Kuma suna da doka ɗaya da ba a rubuta ba: lamba ba ɓarna, zance ne. In ka ce iskarka ta kai kaza, sai ka nuna abin da ta karya, domin ma'auni yana ƙarya amma tumɓukakkiyar bishiya ba ta yi. Gani ya kori ji.

Luce ta rasu, ƙauyen ya rage tsofaffi da kyanwowi. A kakar bara Jerko ya hau tsani zai mayar da tayil ɗin da bura ta zame, tsani ya goce da shi. Yana kwance a tsakar gida da karyayyen ƙugu har sai da mai kawo wasiƙu ya zo ya same shi. Nevenka ta taho daga Zagreb tana kuka tana faɗa. A bakin gadon asibiti ta sa ya yi rantsuwa: in iska ta sake taɓa rufin nan, zai tattara ya koma wurinta, ba gardama. Ya rantse da kabarin Luce, don a lokacin ko me aka ce zai rantse a bar shi ya koma gida. Ita kuma ta san halin ubanta, ta sa aka saka ta a zauren masu iska. Ba ta taɓa cewa uffan a ciki ba, amma kowa ya san tana karantawa.

Bana, bayan idin tunawa da matattu, bura ta zo da safe rana na haske, sama tas ba gajimare sai wani fari da ya kwanta bisa dutse. Teku ta koma hayaƙi. Jerko yana zaune a kicin da gahawarsa yana kallon allon ma'auni, lamba tana hawa, zuciyarsa tana hawa tare da ita. Sai ta buga ɗari biyu da goma sha huɗu. Kilomita a awa. Tun da yake bai taɓa gani ba, ba kuma wanda ya taɓa gani a zauren. Ya miƙe zai yi ihu, sai ya ji ƙara kamar an zazzage tirelar duwatsu. Ya buɗe ƙofar ɗakin da Luce ke ɗinki, ya tarar da shuɗin sama a inda rufi yake. Katako ya karye, manyan duwatsun da suke danne tayil sun faɗo, ɗaya ya ratsa tsakiyar keken ɗinkinta.

Ya ja ƙofar ya rufe. Ya yi lissafi: in iska ta lafa zai shimfiɗa tamfol, ya lallaɓa ya gyara, kafin Kirsimeti ba wanda zai gane. Hankali ya ce masa ya haɗiye lambar ma. Amma mutumin da ya jira abu rabin rayuwarsa ba ya iya haɗiye shi. Ya aika lambar ita kaɗai, ba hoto.

Vinko ne ya fara sako murya.

"Kai, kume! Ɗari biyu da nawa? Barasar rakiya ka sha da sassafe, ko kyanwa ce ta hau sandar tana wasa da kofunan?"

Mai zuma ya ce shi ɗari da sittin ya samu, ga hoton amya uku a kife. Direba ya turo hoton tirela kwance a gefen titi. Aka ce saura Barba Jerko.

"Ba abin da ya karye," in ji shi. "Gidana na dutse ne."

"Ji shi! Iskar da za ta ɗauke jaki da kayansa ta zo gidanka ta yi sallama ta wuce? Ka kira mai gyara, kume, ma'auninka ya tsufa kamar mai shi."

Zaure ya ɗauki dariya. Jerko ya kife wayar a tebur. Ya san Nevenka tana can ofis tana gani. Ya wanke kofi, ya ba kyanwa kan kifi, ya dawo ya zauna. Ya daure har la'asar, kuma ga wanda ya san shi wannan ba ƙaramin jihadi ba ne. Sai Vinko ya ƙara sako wata, muryarsa ba dariya a ciki.

"Ku rabu da shi, jama'a. Luce ce ke karanta masa lambobin. Tun da ta tafi, abin da ya ga dama yake gani."

Nan Jerko ya hau dokin zuciya. Ya banka ƙofar ɗakin ɗinki, ya ɗauki hoton sama, ya ɗauki katako, ya ɗauki dutsen a kan keke, ya aika duka.

Zaure ya kaure da kirari. Malamar ta ce wannan tarihi ne. Mai zuma ya ce ya cire hula. An yarda, an sallama masa, shi ne sarkin bura na gaɓa da tsibiri. Vinko kaɗai bai ce komai ba. Nevenka ma ba ta kira ba, wannan shirun kuwa ya fi faɗa tsoratarwa.

An rufe hanyar gaɓa saboda iska, don haka ya sami 'yan kwanaki yana zagaya gida kamar baƙo. Ya je maƙabarta, ya tarar bura ta watsar da furanni da fitilun da aka ajiye wa matattu. Ya tsinto na Luce a gindin katanga, ya mayar, ya danne da dutse. Bai iya gaya mata komai ba, kunya ta hana shi.

Ana buɗe hanya sai ga motar Nevenka. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki ta daɗe tana kallo.

"Tata," ta ce, yadda suke kiran uba a can, "a nan kake zama kullum da rana."

"Ranar a kicin nake."

"Ranar." Ta share ido da bayan hannu. "Ka rantse mini."

"Na sani, 'yata. Ɗauko akwatin."

Ya kai kyanwa gidan maƙwabciya. Ma'aunin kuwa a can sama aka bar shi, don ba mai hawa ya sauko da shi.

A Zagreb an ba shi ɗaki mai ɗumi a bene, da taga mai kallon wani benen. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Mijin Nevenka har kujera mai laushi ya sayo masa. Sai dai garin hazo ne, hayaƙin bututu miƙewa yake sama tsaye kamar sanda. Jerko yakan buɗe taga ya miƙa hannu, ya mayar da shi a bushe ba labari. Ya rame, ya rage magana. Ya fita daga zauren. Vinko ya yi ta kira, bai ɗauka ba.

Ranar da aka faɗa a labarai cewa bura ta sake tsayar da jirgin fito, waya ta yi ƙara. Ya ɗauka, don yana so ya ji iskar ko daga nesa. Ya kuwa ji ta, tana dukan tagar Vinko.

"Kume," in ji Vinko, "kar ka kashe. Ni ban taɓa shakkar lambarka ba, ko na minti ɗaya."

Jerko ya ƙara manna wayar a kunne.

"Na san shekarun rufin nan, da ni aka ɗora shi. Kai da ko tukunyar fure ta faɗi sai ka cika mu da hoto, ranar ka ce ba abin da ya karye. Na ce to, rufi ya tafi, kuma tana lafawa zai ɗauko tsani da ƙugun nan nasa. Na yi maka tsiya, ka daure. Na rasa yadda zan yi. Na san sunan Luce ne kaɗai zai sa ka nuna." Muryarsa ta karye. "Allah ya sani, da na faɗa ji na yi kamar na tofa wa kabarinta yawu. Amma gara ka tsane ni kana numfashi."

Jerko ya dubi tagar da ba ta motsi, hawaye suna bin gemunsa.

"Da ka bar ni na faɗo, kume," ya ce. "Da yanzu ina gefenta."

Tsofaffin biyu suka riƙe waya suna kuka, ba wanda ya iya kashewa.