Matar da Ta Cire Sunaye Dubu Ɗari da Saba'in da Biyu Daga Kokenmu

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa ofis, tun mai shara ba ta gama ba. Teburinta yana can ƙuryar ɗakin labarai, tsakanin na'urar buga takardu da wata taga da ba ta rufuwa sosai. Sai ta rataye jaka a bayan kujera, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna kwamfuta, ta buɗe wani shafi mai layuka masu hawa da sauka. Daga nan har la'asar da wuya ka ji muryarta, sai dai in ka ɗauki kofin shayinta bisa kuskure. Shekara goma sha uku ke nan a haka. Mu a ofis Yaya muke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Mutanen waje kuwa Mai Ƙirga suka san ta da shi.

Aikinta shi ne bin sawun masu ziyartar shafin jaridarmu na intanet: mutum nawa suka shigo, ta ina suka biyo, me suka karanta, a ina suka gaji suka fita. Da can malamar lissafi ce a sakandare. Mahaifiyarta har gobe in an tambaye ta sana'ar 'yarta sai ta ce, "Zama take yi tana kallon talabijin, wai aiki ke nan." Mijinta mai gyaran firji ne, 'yarsu ta fari tana jami'a.

Ni ne editan shafin. A ƙarshen watan nan Yaya za ta ajiye aiki, domin likita ya ce idanunta sun gaji da hasken kwamfuta. Ba na son ta tafi ban faɗa wa masu karatu abin da ta yi mana bara ba. Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, kuma a cikin labarin akwai abin kunyar da ni na yi da bakina.

Kun tuna lokacin da aka kawo ƙudurin dokar nan a majalisa. Abu uku ne a cikinsa suka tayar mana da hankali. Duk mai shafi sai ya nemi lasisi. Jami'i ɗaya yana iya rufe shafi ba tare da zuwa kotu ba. Sannan in an buƙata, dole mu miƙa bayanan masu karanta mu. Ranar da muka karanta shi a ofis, kowa ya yi tsuru-tsuru. Muka haɗu da sauran masu shafuka muka kafa ƙungiya, muka zaɓi shugaba, wani ɗan jarida mai zafin nama da iya magana. Muka mayar da shafukanmu baƙi ƙirin na yini guda. Aka fita zanga-zanga, 'yar Yaya ma tana sahun gaba da kwalinta. Sannan muka buɗe takardar koke a shafinmu, kowa ya sa sunansa da lambar wayarsa, don mu kai wa kwamitin majalisa ranar Alhamis da zai saurari jama'a. Sunayen ba a fili suke ba, adadin kawai ake gani. Yaya ce aka ɗora wa tsaron su, kuma ita za ta sa hannu a takardar shaida cewa adadin gaskiya ne.

Muka kafa babban allo a bango muna kallon adadin yana hawa. Sati biyu yana tafiya a hankali, sai kwatsam ya kama gudu. Ranar Litinin ya haye dubu ɗari uku. Muka yi ta tafi, mai ɗaukar hoto har da rawa a kan kujera. Shugaba ya zaga gidajen rediyo yana shela.

Da safiyar Talata Yaya ta shigo ofishina, ta mayar da ƙofa ta rufe. Ba ta taɓa rufe ƙofar nan ba.

"Edita, zo ka ga wani abu."

Ta juyo mini da kwamfutarta. "Mutum in ya zo sa hannu, yakan karanta koken tukuna. Yakan yi kuskure wajen rubuta sunansa, ya goge, ya sake. Minti ɗaya, minti biyu. Ka ga waɗannan? Sakan biyu. Suna, sakan biyu, wani suna. Kwana huɗu a jere ba su tsaya ba. Ba sa cin abinci, ba sa barci, cajin wayarsu ba ya ƙarewa. Kuma duk irin waya ɗaya suke riƙe da ita."

Na ce, "Me kike nufi, Yaya?"

"Ba mutane ba ne. Na'ura aka sa tana cike mana fom."

"Guda nawa?"

"Dubu ɗari da saba'in da biyu."

Fiye da rabin abin da muke taƙama da shi iska ce. Na tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta ɗebi lambobin waya ɗari biyu daga cikinsu ta kira tun jiya. Yawanci ba sa shiga. Waɗanda suka shiga, masu su ba su taɓa jin labarin koken ba. Wata mata ta ɗauka, da Yaya ta ambaci sunan da ke jikin lambar, sai matar ta fashe da kuka. Sunan mijinta ne, shekara biyu da rasuwarsa.

Da rana muka kira shugabannin ƙungiya ɗakin taro. Ta sake bayani tiryan-tiryan, kamar tana gaban aji. Shugaba ya miƙe tsaye, gumi na keto masa.

"Yaya, kin san me kike cewa kuwa? Duniya ta ji na ce dubu ɗari uku! Jibi-jibi za mu shiga majalisa. Yanzu in koma in ce ƙarya na yi?"

"Ba ƙarya ka yi ba, Shugaba. Ba ka sani ba ne. Amma yanzu ka sani."

Wani mai shafin wasanni ya ce, "Haba Yaya, a bar su mana. Wa zai sani?"

Ta dube shi ta saman tabarau. "Wanda ya zuba su ya sani."

Babu wanda ya tsaya ya auna maganar nan. Hayaniya ta kaure. Ni kuma, da na fi kowa sanin halinta, na buɗe baki na ce, "Yaya, faɗa mana gaskiya. Su wa suka same ki?"

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Edita, tun kana ɗan rahoto nake gyara maka jadawali. Allah ya isar mana gaskiya, ni da kai. In kun ga dama ku kai su yadda suke, amma ba da sa hannuna ba. Kuma in aka tambaye ni, abin da na gani zan faɗa."

Ba don mun gamsu muka yarda a cire su ba. Mun yarda ne don ba mu da wani wanda zai sa hannu. Ta zauna ta tace sunayen, tana kaffa-kaffa kada ta jefar da na mutum na gaske. Ta raba su gida biyu: dubu ɗari da talatin na gaskiya, sauran kuma a wani kundi dabam, da bayanin dalilin cire su. Ranar Laraba da safe ta hau motar haya da kanta ta kai wa sakataren kwamiti duka biyun, ta tsaya sai da ya buga hatimi ya rubuta kwanan wata. Da azahar muka sanar wa jama'a cewa adadin ya ragu, ba mu yi dogon bayani ba, don kunya ta hana mu.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Mutanenmu, waɗanda muka yi zanga-zanga tare, su suka yi mata caa. Wani ya samo hotonta ya yaɗa, aka rubuta "maciya amana" a ƙasa. Wani abokin cinikin mijinta ya zo da mota ya kwashe firjinsa ba a gama gyara ba, ya ce ba ya hulɗa da gidan munafukai. 'Yarta ta kira ta daga makaranta tana kuka: "Umma, ƙawayena sun daina yi mini magana. Don Allah me kika yi?" Ina jin Yaya daga teburina tana ce mata, "Ki je ki ci abinci, ki shiga aji. Gobe ma rana ce." Ta ajiye wayar, ta ci gaba da aiki. Ni kuwa ina zaune, ban fito na kare ta ba.

Ranar Alhamis zauren kwamiti ya cika maƙil. Shugabanmu ya gabatar da koke, muryarsa a sanyaye. Yana zama, ɗan majalisar da ya kawo ƙudurin ya miƙe da murmushi. Hadiminsa ya shigo da kwali biyu cike da takardu ya dire a kan tebur. Da alama bai duba abin da aka kai wa sakatare ba, kuma ya ɗauka ragin da muka sanar ɗan gyaran fuska ne.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan mutane sun zo su yaudari majalisa. Kokensu cike yake da sunayen bogi da na matattu. Bari in karanto kaɗan."

Ya fara karantowa. A suna na bakwai ya dakata, ya dubi shugaban kwamiti. "Wannan na san ka san shi, ranka ya daɗe." Ya karanta. Sunan mahaifin shugaban kwamiti ne, wanda ya rasu shekaru da dama.

Zauren ya ɗauki salati. Fuskar shugaban kwamiti ta canza. Ya juyo gare mu ya ce: "Mahaifina kuka tono daga kabari ya sa muku hannu?" Na ga ƙarshenmu da idona, na ga kanun labaran gobe.

Sai Yaya ta ɗaga hannu daga layi na uku, kamar ɗaliba.

"Ranka ya daɗe, ni ce na sa hannu a takardar shaida. Allah ya jiƙan mahaifinka. Sunansa ba ya cikin kokenmu. Yana cikin kundi na biyu, na sunayen da na'ura ta zuba mana, waɗanda muka cire muka kawo wa sakatarenku jiya da safe."

Aka sa sakatare ya duba. Ya ɗauki kusan minti goma yana bincike. Ya ɗago ya ce haka ne, duk sunaye bakwai ɗin suna cikin waɗanda aka cire, ga hatimi ga kwanan wata.

Yaya ba ta zauna ba. "Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni, in an yarda. Sunayen nan ba mu taɓa wallafa su ba. Daga ni sai sakatare muka gan su."

Sakatare ya yi wuf ya ce kundin yana kulle a durowarsa tun jiya, babu wanda ya nema.

Ta ce, "To, mai girma ɗan majalisa a ina ya samo nasa?"

Hadimin ya sunkuyar da kai yana gyara murfin kwali. Ɗan majalisar ya ce wani mai kishin ƙasa ne ya aiko masa. Shugaban kwamiti ya tambaye shi wane ne, ya ce ba zai iya faɗa ba. Har yau ba a tabbatar da wanda ya zuba sunayen ba, ni ma ba zan ɗora wa kowa ba. Abin da na sani shi ne rami aka haƙa mana, muna tafe muna tafi za mu faɗa, mace ɗaya ta riƙe mana riga muna zaginta.

Ba a yi watsi da ƙudurin gaba ɗaya ba, kada in yi muku ƙari. An cire sashen rufe shafi ba da umarnin kotu ba, an cire na miƙa bayanan masu karatu. Maganar lasisi tana nan ana ja. Waɗanda suka yaɗa hotonta sun goge shi a ɓoye, babu ko ɗaya da ya zo ya ba ta haƙuri. Ni na je har gida, na durƙusa a gaban mijinta da mahaifiyarta na nemi gafara. Ta ce, "Tashi, Edita, ya wuce. Amma ta yi mini ciwo, kada ka ce ba ta yi ba." Tsohuwa kuwa ta bi ni da kallo ta ce, "Kai ne mai bakin? Ga ka kamar mutumin kirki."

Yaya, ke ce kika ga abin da muke so ya zama gaskiya, kika ce ba gaskiya ba ne. Ke ce kika sha zagin naki don kada na waje su kunyata su. Mai ƙirga da tsoron Allah, ba ki riƙe kwali a titi ba, ba a ji muryarki a rediyo ba, amma mutum dubu ɗari da talatin da suka sa hannu da zuciya ɗaya, ke kika hana a mayar da su maƙaryata. Mun gode. Allah ya ba idanunki lafiya, ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da kika yi mana.

Ku kuma da kuke zaune gaban alƙaluma a ofisoshi, a asibitoci, a makarantu, wata rana za a kawo muku adadi mai daɗi, kowa yana murna, ku kaɗai kuka san akwai ruɓa a ciki. Za a ce ku yi shiru don amfanin tafiya, kuma waɗanda za su faɗa muku haka mutanenku ne, masu gaskiya a abin da suke nema. Ranar nan ku tashi ku faɗa. In kuwa kai ne ake zuwa a faɗa wa, ka riƙe harshenka ka saurara. Ni ban riƙe nawa ba, kuma ga shi shekara guda ina jin ɗacinsa.