Ƙuli-ƙulin Gwaggo Falmata

Ku da kuka zauna Fagge kun san Gwaggo Falmata, ƙanwar babana, ba ta iya wuce abu a ƙasa. Karan dawa, guntun zare, murfin gwangwani, duk sai ta tsince ta ƙulle a gefen zane. In ka ce, "Gwaggo, shara ce fa," sai ta ce, "Idonka ne shara."

Ba ta taɓa shiga aji ba. Wata tela a Sabon Gari, Mama Nkechi, da take kai wa man gyaɗa, ita ta riƙa zana mata haruffan boko a ƙasa. Shi ke nan gidanmu ya zama makaranta. Ita a wurinta harafi ba shi da suna, kuka gare shi kamar dabba. Sai ta ɗaga wa yara ta ce, "Wannan yaya yake kuka?" Na laka ta fara yi, ruwan sama ya narkar. Ta yi na kara, akuya ta cinye. Sai ta koma murza su da tunkuza tana soyawa. Dokarta ɗaya ce: sai ka yi kukan harafi kafin ka ci shi.

Shekarar da autata Ladidi ta isa firamare, maigidana ya ce, "In sun ɗauke ta, to. In sun ƙi, ga farantin talla, kada a sake ta da maganar." Aka ce gurbin 'yan mata kaɗan ne, hedimasta gwada su yake.

Ni ba na fita, Gwaggo ce ta kai ta. Ina tsakar gida, kunnena yana zaure, har tuwo ya kama ban ji ƙauri ba. Da suka dawo na tare su a bakin zaure. Gwaggo kuwa sai da ta sha ruwa, ta wanke ƙafa, ta tambayi wa ya ƙona tuwo, sannan ta ba da labari.

Wai hedimasta ya rubuta harafi a allo, Ladidi ta yi tsit. Ya sake wani, shiru. Ya ce, "Iya, a kawo ta baɗi."

Ladidi ta ce, "Ai ba a faɗa sai an sa wa mutum a hannu."

Gwaggo ta kwance ƙullinta, ta juye masa ƙuli-ƙuli a kan rajista. "Miƙa mata, Malam." Yana miƙawa, tana faɗa, tana taunewa. A na goma ta kau da kai ta ce ta ƙoshi.

Na dafe ƙirji. "Sai ya kore ku?"

"Ina fa. Ɗaya ya ɗauka zai kai baki, na riƙe masa hannu na ce, Malam, ba ka yi kukansa ba."

"Gwaggo, hedimastan?"

"Ya yi kuwa, a gaban malamai. Bai ma kai Ladidi iyawa ba."

A gefen tabon mai ya rubuta sunan 'yata.

Gwaggo ba ta ga ƙarshen karatun nan ba, damina biyu ta ƙara. Ya Allah, baiwarka ta sauƙaƙa wa yara tambaya. Ka sauƙaƙa mata tata a kabari, ka jiƙan ta. Amin.