Baba Anya da Rijiyar Kamfani

In ka ce masa gari ya waye, sai ya leƙa waje ya tabbatar tukuna. Ba maganar da za ta wuce ta gabansa bai ce "anya kuwa?" ba, shi ya sa duk garin ake kiransa Baba Anya, har sunansa na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Haƙar rijiya ce sana'arsa tun yana saurayi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan tukunya, kuma rabin rijiyoyin garin da na ƙauyukan kewaye shi ya shiga cikinsu da diga da guntun shebur. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ramin da zai iya rufta masa ba ya yarda da bango don ya gan shi sumul. Sai dai shi Baba bai bar wannan hali a rami ba, da shi yake fitowa ya kai gida.

Mijin 'yarsa ya taɓa kawo masa rediyo kyauta, ya ajiye ta a saman kabad bai kunna ba, yana jiran ya ji abin da za a roƙa. Matarsa in ta ƙara masa nama a kwano sai ya dube ta ya ce, "Me kika fasa?" Ita kam ta gaji da tuna masa cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Amma mutanen gari ba sa yi masa dariya da ƙarfi, kuma da dalili. Shekarun baya an kira shi ya yashe wata tsohuwar rijiya, ya zura fitila a igiya, ya ga wutar ta mutu tun ba ta kai rabi ba, ya ce shi ba zai shiga ba. Aka ce tsoro ne, aka samo wani ƙato daga wani gari ya shiga. Gawarsa aka jawo. Tun daga ranar, in Baba ya ce anya, ko sarkin gardama sai ya ɗan dakata.

Ƙanwa ɗaya gare shi, autar ɗakinsu, har ta yi furfura bai daina ce mata Auta ba. Mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, sai wani tsohon sito a bakin gari, a gindin tudu. Jaririyar da uwarta ta rasu wurin haihuwa aka fara kawo mata, sai wani, sai wasu, har sito ya zama gidan marayu, yara cike da ɗakuna suna kwana kai da ƙafa. Baba ya sha gaya mata wata rana za a kawo mata ɗan da aka sato a ja mata masifa. Amma da ta ce tana bukatar ruwa, shi ya zo ya haƙa mata rijiya a tsakar gida bai karɓi ko sisi ba. Rijiyar ta yi musu shekaru, daga baya ta fara ja da baya. In rani ya yi nisa sai guga ya fito da laka, manyan yaran su ɗauki jarkoki su tafi rafi tun da sassafe, su dawo an riga an shiga aji.

A irin wannan rani ne motocin wani kamfanin siminti suka zo. Garin nan ko motar haya sai ranar kasuwa take leƙowa, hanyar kuma cin taya take yi, sai ga motoci farare ƙal a ƙofar gidan Auta. Suka ce kamfaninsu yana tallafa wa gidajen marayu na wuraren da ke nesa da birni. Suka sauke katifu da gidajen sauro da buhunan abinci, suka yi wa bango fenti, suka zana tambarin kamfani ƙato a jiki, suka jera yara aka ɗauki hoto. Kafin su tafi suka yi alkawarin rijiyar burtsatse, da tanki da famfo.

Da yamma Baba ya zo, hannu a baya, ya tsaya a kan katifun.

"Auta, me suka ce ki ba su?"

"Ba komai, Yaya."

"Ba komai." Ya danna katifa da babban yatsa kamar zai ji wani abu a ciki. "Mutum ya baro birni, ya ƙona mai, ya kashe taya, don kawai ya ba ki katifa ya koma? Banza ba ta kai zomo kasuwa."

"To wataƙila lada suke nema. Ko kai kaɗai za ka shiga aljanna?"

"Kamfani ba shi da kabari, bare ya nemi lada."

Ta yi dariya ta ce ya zauna ya ci abinci. Ya ci, amma sai da ya tambaya ko daga buhun mutanen nan aka dafa.

Bayan 'yan makonni babbar motar haƙa ta iso, ta kafa ƙarafunanta a bayan ɗakin girki. Ba za mu rufa wa Baba asiri ba, akwai ɗan kishi a lamarin. Abin da zai yi wata yana fama da shi da diga, injin ya cinye shi kafin rana ta take. Ya kifa bokiti a inuwa ya zauna yana kallo, fuska a murtuke. Sai dai idon mai kishi ma yana gani. Duk lokacin da aka ƙara bututu, injiniyan, wani siririn saurayi mai tabarau da hular kwano, sai ya ɗebi ƙasar da ta fito ya zuba a leda, ya yi rubutu a jiki, ya jera a akwati. Da wani farin gari ya fara fitowa, injiniyan ya murza shi a yatsu, ya kira abokin aikinsa suka yi ƙus-ƙus, ɗaya ya hau tudu neman inda waya za ta kama. Can kuma leburori na kafa turaku masu jan kai a bayan katanga, ta wajen tudun.

Baba ya tashi ya kakkaɓe wando ya je.

"Ɗan nan, ruwa kuka zo nema ko ƙasa?"

Injiniyan ya cire hula ya gaishe shi da ladabi. "Ruwa, Baba. Ƙasar za mu kai a gwada ne, a ga ko akwai abin da zai cutar da yara in ya narke a ruwan."

"Turakun fa?"

"Nan za mu kafa farantan sola, su za su ja ruwa zuwa tanki da hasken rana. Za a kewaye wurin da waya saboda awaki."

Amsar ta yi kyau, kuma kyan nata ne ya fi damun Baba, don a ganinsa mai gaskiya yakan ɗan yi in-ina. Ya koma gida yana ta saƙa da warwara. Me kamfanin siminti ke nema a duniya in ba farin dutse ba? In tudun nan cike yake da shi, to gidan Auta a kan hanya yake. Yau a ba ka ruwa, gobe a ce ka matsa kaɗan, jibi a ce akwai wuri mafi kyau can gaba. Maraya ba shi da uban da zai yi ihu, Auta kuma in aka tashe ta daga siton nan ba ta da inda za ta. Wannan karon ba halin nasa kawai ba ne, tsoro ne na gaske ya kama shi, har ya kasa cinye abincinsa.

Ya sami Auta tana tsefe wa wata yarinya kai, ya zayyana mata komai. Ta saurara har ya gama.

"Yaya, don Allah wannan karon ka bar anyar nan taka a gida. Sun ce saura kaɗan su kai ga ruwa. Ka bari yaran nan su yi wanka ba sai na auna musu da kofi ba."

"In suka ƙwace gidan fa?"

"In suka zo ƙwacewa sai mu yi kuka a lokacin. Yanzu dai ƙishi ne a gabana."

Ya ce to. Kuma ya so ya cika, amma washegari a bencin mai shayi wani ya tambaye shi ya ya ga aikin, bakinsa ya riga hankalinsa. Bai ce an yi wani abu ba, tambaya kawai ya yi: tun da aka fara haƙa rijiya a duniya, wa ya taɓa ganin an ƙulle ƙasarta a leda an sa a mota? Kafin la'asar magana ta yi ƙafa. Wasu suka ce zinariya aka gani, wasu suka ce an riga an sayar da tudun har da gonakin bayansa, wasu marasa kunya suka ce Auta ta karɓi nata kason. Kowa kuma in ya faɗa sai ya rufe da cewa Baba Anya ne ya gano, kun dai san abin da ya faru a tsohuwar rijiya.

Samari suka tare motar ma'aikatan kamfanin a bakin gari, suka sauke akwatin. Dattawa suka sa aka kwance ledojin a gaban jama'a. Jar ƙasa, tsakuwa, yashi, sai farin garin nan. Aka juyo ana kallon Baba. Ya ɗiba ya murza, ya sansana, ya ce, "To, ai ga shi." Ga me, ba wanda ya tambaya, shi ma da an tambaye shi ba shi da amsa. Injiniyan yana cikin bayani sai dutse ya taso daga bayan taro, ya fasa gilashin mota, ya tsaga goshin direba.

Washegari ma'aikatan suka zare bututansu, suka naɗe injin, suka rufe ramin da murfin ƙarfe. Injiniyan ya ba Auta haƙuri, ya ce kamfani ba ya barin ma'aikatansa inda ake jifa, za a kai aikin wani gidan marayu a wani gari can ƙetaren kogi. Ya gaida kowa, ya wuce ta gaban Baba bai dube shi ba.

Auta ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. In sun haɗu ta ce, "Ina kwana, Yaya," ta wuce. Kullum da safe jerin yara masu jarkoki ta ƙofar gidansa suke bi, har ya koma zama a bayan ɗaki.

Da damina ta wuce wani rani ya kama, ya kasa daurewa. Ranar kasuwa ya hau bayan mota ya tafi garin nan na ƙetaren kogi, ya ce wa matarsa igiya zai sayo. Ya sami gidan marayun ba wuya, tambarin kamfanin yana jikin bango. Ga tanki a sama, ga famfo yana zuba, wasu ƙananan yara sun toshe bakinsa da yatsa suna fesa wa juna, ba ma mai tsawata musu. Ya zagaya baya. Ga farantan sola an kewaye su da waya, daidai yadda yaron nan ya faɗa. Amma da ya ɗaga kai, can nesa a kan wani tudu ya hango farar mota da mutane masu hular kwano suna awo. Ya tambayi wani mai faci a bakin hanya me suke aunawa.

"Hanya za su yi mana, in ji su."

"In ji su."

"To wa ya sani, Baba? Mu dai muna shan ruwa."

Ya dawo gida ba igiya ba amsa. Da ya ga an rushe gidan can da ya sami abin faɗa, da kuma bai ga motar nan a tudu ba da ya je ya durƙusa wa ƙanwarsa. Bai sami ko ɗaya ba.

Ba a jima ba rijiyar tsakar gida ta ƙafe ƙaf, ko lakar ma babu. Wata safiya Baba ya ɗauko diga da shebur da ya jingine shekaru, ya tafi. Matarsa ta ce da wannan ciwon gwiwar zai shiga rami? Ya wuce abinsa. Samarin da suka tare mota ba ko ɗaya da ya leƙo, sai Auta da manyan 'yan matan gidan suka kama igiya. Yana ɗaura ta a ƙugu ya ce, ba tare da ya dubi ƙanwarsa ba, "Har yanzu ban san ko na yi kuskure ba, Auta."

"Ni ma ban sani ba, Yaya. In ka yi daidai, ka cece ni daga abin da ban gani ba. In ka yi kuskure, ina ganinsa kowace safiya."

Suka zura shi a hankali. Ƙasan rijiyar busasshe ne, da ɗumi kamar ɗakin da aka rufe. Ya durƙusa ya kwashe yashin da ya taru, ya cika guga aka ja, ya sake cikawa. Da ya ɗaga diga ya sara, sai ƙarfen ya yi tsalle ya dawo, ƙarar ta hau har sama, kafaɗunsa suka amsa. Ya matsa gefe ya sara, haka. Ya share wurin da tafin hannu, ya shafa daga bango zuwa bango. Dutse ne shimfiɗe, irin wanda hannu ba ya fasawa ko mutum zai shekara, sai injin. Ya ɗaga kai, ga kawunan yara sun kewaye bakin rijiyar suna leƙe.

"Yaya," muryar Auta ta sauko, "da alama?"

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya gyara riƙon digar.

"Ki dai riƙe igiyar," in ji shi, ya sake sara.