Gurabe Shida a Jadawalin Wake

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran abokiyar aikina, malamar kimiyya ta 'yan aji biyar, wadda yara da manya suka fi sani da Malama Kwalba. Kwana biyar ta yi tana jinya. Ina gaban allo ina koyar da rabawa hedimasta ya leƙo ta taga ya yafito ni. Da ya faɗa mini, na ce to. Na koma na ƙarasa lissafin, na jira yara suka kwafe, na goge allon tas.

Malama, har yau ban yi miki kuka ba. Na je gidanki na zauna cikin mata, ana ta share hawaye, ni kuwa idona na kan wata kwalbar roba da ke bayan ƙofa, ina tunanin da kina nan da tuni kin yanke mata kai. Ana cewa in yi haƙuri, ina amsawa, alhali ban ji komai ba balle in haƙure shi. Jikina dai ya yi nauyi, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Shekara goma sha ɗaya muna zama a tebur ɗaya a ɗakin malamai. Rabin teburin nawa ne a faɗa, amma ban taɓa samun ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma ni malamar lissafi ce, na auna. Gwangwanayen madara, murafen kwalabe, guntayen waya, matattun batura, fasasshen madubi, duk a gabana suke kwana. Ina ce miki shara, kina ce mini kayan aiki. Ba ki taɓa kirana da sunana ba, sai Lissafi. In muka fito hanya tare kunya nake ji, don ba kya wuce kwalba a ƙasa sai kin sunkuya. Mai shagon magani na bakin titi yana tara miki ƙananan kwalabe a leda. Maigidanki, da yake gyaran rediyo ne sana'arsa, duk lasifikar da ta mutu sai ya ɓalle mayen ƙarfen da ke cikinta ya ajiye miki. Ya taɓa ce mini cikin raha, shi bai san ko don shi kika aure shi ba ko don lasifikoki.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji. Abin da muke da shi kabad ne guda na katako a ƙuryar ajinki, mai ƙofar da sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Daga cikinsa kika fito wa yara da duniya. Da butar shayi da faranti mai sanyi kika yi musu ruwan sama a cikin aji, suna ihu suna tara hannu. Da tocila da ƙwallon da kika ƙwace a hannun masu wasa lokacin darasi kika nuna musu yadda dare da rana suke zuwa, sannan kika mayar wa masu ƙwallo abinsu da godiya. Akwai yarinyar da duk muka yanke wa hukuncin daƙiƙanci, har da ni. Ranar darasin gani da ji kika rubuta haruffa manya da ƙanana a kwali, kika sa kowa ya karanta daga bayan aji. A nan aka gane ba ta ganin allo ne. Kika dawo da ita layin gaba, kika taka har gidansu kika yi wa mahaifinta bayani. Yanzu ita ce monitar ajin, da gilashinta.

Dokokinki biyu ne, kuma ko ɗan aji ɗaya a makarantar nan ya san su. Ta farko, a gwaji abu ɗaya ake canzawa, sauran a bar su daidai. Ta biyu, abin da ido ya gani ake rubutawa, ba abin da littafi ya ce za a gani ba. Na tuna shekarar da sufeto ya zo duba makaranta ya zauna a ajinki. Kika haɗa batir da waya da ƙwan tocila, ƙwan ya ƙi kamawa. Hedimasta yana bayan aji gumi na karyo masa. Ke kuwa ko a jikinki, kika juya kika rubuta a allo da manyan baƙi: BAI KAMA BA. Kika ce wa yara, “To, wa zai gano mana dalili?” Rabin awa suna jujjuya batir suna kankare waya, har wani ya gano tsatsa ce. Da ƙwan ya kawo haske sai da sufeton ya tafa. Na ce miki daga baya ai da kin gwada tun a gida. Kika ce kin gwada, ke kika zaɓo wayar mai tsatsa.

Shekara uku da suka wuce ɗana ya kwanta asibiti mako uku. Ba ki tambaye ni ba, ba ki tambayi hedimasta ba, kika haɗa darussana da naki. Ko rana ɗaya ba ta faɗi ba. Da na dawo na tarar yarana sun iya awo fiye da yadda na bar su, don kin sa sun auna duk abin da ke makarantar, har da ƙafar Baba maigadi. Ina faɗin wannan ne don a san irin wadda na yi wa abin da zan faɗa yanzu.

Gwajinki na ƙarshe na wake ne. Kwalabe uku da aka yanke wa kai, ƙasa iri ɗaya, wake ya tsiro a kowace. Ta ɗaya a taga, ana ba ta ruwa. Ta biyu a cikin kabad, cikin duhu, ita ma ana ba ta ruwa. Ta uku a taga, amma an hana ta ruwa. Kullum da safe yara su auna tsayin kowane tsiro da rula, monita ta rubuta a wani babban kwali da kika ja wa layuka kika manna a bango. Ranar Alhamis ɗin da kika tashi da wuri saboda ciwon kai, kin tsaya a teburinmu kin ajiye mini mabuɗin kabad.

Kika ce, “Lissafi, don Allah gobe ki sa yaran nan su auna waken. Rula na cikin kabad. A ba na duhun ruwa, kada a manta da shi. Litinin zan dawo.”

Na ce, “Ke dai da wakenki. Je ki ki sha magani, ba guduwa zai yi ba.”

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Na jefa mabuɗin a jaka. Juma'a ina da jarrabawar gwaji, na ce sai Litinin. Litinin aka ce an kwantar da ke, aka kai 'yan ajinki wani ɗakin aka haɗa su da wasu, aka rufe naki. Na ce in kin samu sauƙi ma yi tare. Talata hedimasta ya leƙo ta taga. Sauran kwanakin makon ina wucewa ta ƙofar ajinki ina kallon ƙasa, mabuɗin yana cikin jakata, ina jin ƙararsa in ya bugi kwalbar turare.

Ranar Juma'a hedimasta ya kira ni. Ya ce ni zan riƙe ajin kafin a turo wata, kuma masu duba makarantu za su zo mako mai zuwa, a tabbatar aikin yara ya cika. Shi ya ciro kwalin daga bango ya kawo mini ɗakin malamai. Na shimfiɗa shi a rabin teburinki. Rubutun monita ya tsaya a Alhamis. Ƙasa da shi layi shida babu komai, kwanakin makaranta shida da ba a auna ba, kuma kowane layi ni ce.

Ni mutum ce da ba ta iya ganin gurbi a jadawali ta bar shi. Na ɗauki fensir. Na duba yadda tsiron taga yake ƙaruwa a kwanakin baya, na fitar da matsakaici, na ci gaba da ƙara masa. Na duhu na ba shi tsayi fiye da kowa, don haka littafi ya ce. Na uku na tsayar da shi, a layi na huɗu na rubuta ya yi yaushi, a na shida na rubuta ya bushe. Lissafin ya fita tsaf, babu malamin da zai ga kuskure. Ban ji kunya ba a lokacin. Na ji dai irin sauƙin da ake ji in an rufe aljihun tebur.

Litinin na shiga ajinki karo na farko. Yaran suka miƙe suka gaishe ni, muryarsu ƙasa-ƙasa. Na manna kwalin a inda yake. Ban gama danna kusurwa ta huɗu ba monita ta ɗaga hannu, ta gyara gilashinta.

“Malama, wa ya auna waɗannan?”

Ta nuna taga da yatsa.

“An rubuta na ukun ya bushe. Ga shi can kore shar, ya ma fi na ɗayan.”

Na juya. Haka ne kuwa. Kwalabe biyu a taga, ƙasarsu jiƙe, ganye ya buɗe a duka biyun. Na aika aka kira Baba maigadi, don shi kaɗai ke da mabuɗin ɗakin. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Ya ce shi ne. Ya ce ya san kin rubuta a jikin kwalbar kada a ba ta ruwa, yara sun karanta masa tun farko, amma da ya shigo shara washegarin rasuwarki ya ga ganyen ya langwaɓe. “'Yata, ita ta tafi, shi ma in zuba ido ya tafi? Wallahi ban iya ba.” Kullum da safe yana zuba wa duka biyun daga butarsa.

Sai na ciro mabuɗin kabad daga jakata. Na ɗaga ƙofar kabad yadda kike yi, ta buɗu. Tsiron duhu ya yi tsawo, fari sol, siriri kamar zare, ya bi ta inda ƙofar ba ta haɗuwa da kyau. Daga nan ya karye ya kwanta a kan rula. Ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin kwalbar. Kwana goma sha ɗaya ba ruwa. Yara suka taso suka kewaye ni. Can wani daga baya ya ce, “Malama, duhu ne ya kashe shi ko ƙishirwa?”

Na ce ban sani ba. Na ce ba za mu taɓa sani ba, don abu biyu aka canza masa, kuma ni na canza na biyun. Na gaya musu kin ba ni mabuɗi, kin ce a auna, kin ce a ba shi ruwa, ban yi ba. Na gaya musu lambobin da ke kwalin ni na ƙirƙire su a ɗakin malamai. Muryata ba ta yi rawa ba, kamar ina karanta sanarwar hutu. Monita ta miƙo mini abin goge fensir ɗinta. Na goge layi shidan ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta bi da biro tana rubuta abin da ke kika koya mata a rubuta a irin wannan wuri: ba a auna ba. Sau shida. Masu duba makarantu sun zo sun gani, ɗayansu ya tambaya, na ba shi amsar da na ba yara. Ya daɗe yana kallon kwalin, bai rubuta komai ba.

A cikin kabad ɗin na sami littafin shirin darasinki. A shafin wannan gwaji, ƙarƙashin ranar ƙarshe, kin rubuta: “A fito da na duhu, a ba na uku ruwa. Kada yara su tafi gida da tunanin mun bar abu ya mutu don mu cika jadawali.” Baba maigadi, da bai iya karatu ba, ya riga ya yi rabin wannan. Ɗaya rabin a jakata yake.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo gare Ka. Ka jiƙan ta, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Duk yaron da ya buɗe ido ya kalli halittarka da kyau saboda ita, Ka sa ladan a mizaninta. Ka sa Aljanna ce makomarta, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, wanda na ji har yanzu yana ajiye mayen ƙarfe a gefen bencinsa, da 'ya'yanta huɗu, da mahaifiyarta, da ƙannenta, da hedimasta da malaman makarantarmu, da Baba maigadi, da 'yan aji biyar. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Malama, ki yafe mini. Mun sake jiƙa wake ranar Laraba, kwalabe uku, sabon kwali. Tsohon yana nan a bango, yara sun ce kada a cire. Na tambayi monita wa zai riƙe mabuɗin kabad, ina zaton za ta ce ita ko Baba. Ta ce ai ni kika ba wa. Yana jakata, gobe ƙarfe takwas za mu auna.