Tsugunnon Uwaisu

Idan ka shiga kasuwar Zakirai ta wajen 'yan tumaki, za ka ga wani dattijo yana tufkar igiyar rama, kansa a sunkuye kamar mai neman allura. Uwaisu ke nan. Mutanen Gidan Maje suna kiransa Uwaisu na Durumi, kuma ya daina musu tun kafin a haifi yawancin masu kiran. Ni dai sunan nan yana ƙona mini rai, don na san yadda aka yi ya manne masa.

Maraya ne, a hannun kawunsa ya tashi, da 'yar gonar da jaki zai ƙetare kafin ya gama kuka. Abin da Allah Ya ba shi da yawa kunya ce. Wannan hali ne ya sa Malam Dabo, mai faɗa a ji a ƙauyen, ya ba shi 'yarsa Kaltume, yarinya mai surutu da dariya, wadda ke yi musu magana su biyu. Uwaisu yana sonta irin son mutumin da bai taɓa mallakar komai ba. Tun ranar ɗaurin aure kuwa bai sake kallon fuskar Malam Dabo ba. In ya hango shi, daga nesa zai zube ya gaishe shi, ido a ƙasa. Kowa yana jin kunyar suruki, amma shi tasa ta wuce misali, har abokai suna tsokanarsa wai ko akuyar gidan Malam Dabo ya gani sai ya rusuna.

Shekarar da sojoji suka ce za su mayar wa farar hula mulki, aka kawo jam'iyyu biyu aka ce kowa ya kama ɗaya. A Gidan Maje ba wanda ya damu da sunayensu na takarda. Masu taro a gindin tsamiya su ne 'yan Tsamiya, masu taro a durumin bakin kasuwa su ne 'yan Durumi. Kafin a gama yankan dawa an raba mahauta, an raba gayya, samari suna yawo da gora da barandami. Malam Dabo ne jagoran Tsamiya, don haka ba wanda ya tambayi Uwaisu ra'ayinsa, shi ma bai tambayi kansa ba. Hankalinsa yana kan Kaltume, da ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari, ta sami 'ya mace, Raudatu. Jira yake ta gama wanka a dawo masa da su. Har sabon daɓe ya yi wa ɗakin.

Zaɓen kansila na lokacin ƙato bayan ƙato ne. Ba akwati, ba sirri: a kafa hoton ɗan takara, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga. Filin firamare ƙarami ne, layukan maza biyu suka kusa gogar juna. 'Yan Tsamiya sun yi shiri, kowa ƙirjinsa a bayan na gabansa, hannu a kafaɗa, kada wani ya sulale. Malam Dabo ya tsaya can ƙarshe don ya ga mai zamewa.

Uwaisu ya makara wajen ba jakinsa ruwa. Da ya iso, wanda ya tarar a wutsiyar layi surukinsa ne. Ya manna ƙirji a bayan Malam Dabo? Ya dafa kafaɗarsa? Gara ƙasa ta tsage ya shige. Sai ya ja gefe ya tsuguna, yana jiran wani ya zo ya shiga tsakaninsu. Ba wanda ya zo. Malamin zaɓe baƙo ne, yana tafe yana taɓa kafaɗun 'yan Durumi, ya iso ƙarshe ya ga mutum a tsugune, ya dafa kansa ya ƙirga.

"Surukin Dabo namu ne!" wani ɗan Durumi ya ƙwala.

Kafin Uwaisu ya buɗe baki an cicciɓe shi ana zagaya fili da shi. Yana ta cewa ba haka ba ne, amma wa zai ji muryar Uwaisu a cikin kalangu?

Durumi ta ci, da ratar da ƙuri'arsa ba ta ƙara ba ta rage ba. Sai dai wanda ya faɗi ba lissafi yake so ba, wanda zai huce a kansa yake nema. Bayan la'asar samarin Tsamiya suka cinna wa rumbunsa wuta, gero da dawar shekara guda, suka sare wa jakin agara. Yana tsaye yana kallo. A cikinsu har da waɗanda suka yi karatun allo tare.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Washegari samarin Durumi suka ce an taɓa nasu. Uwaisu ya bi su yana roƙo, suka ture shi, wai su za su ƙwato masa haƙƙinsa. A ƙofar gidan Malam Dabo suka tarar da Yahya, ƙanen Kaltume, ya tare zaure da taɓarya don akwai mai jego a ciki. Suna dukansa suna kiran sunan Uwaisu. Kaltume tana ɗaki da jaririya a ƙirji, tana jin sunan mijinta tare da kowane duka. Yahya bai kai magariba ba.

Aka hana Uwaisu zuwa jana'iza. Arba'in ɗin jego ta wuce ba a dawo da Kaltume ba. Magana da suruki ba a yinta baki da baki, sai ta hannun manya, to kawunsa ya ce shi yana son ransa, liman kuma ya ce a bari hankula su kwanta. Uwaisu ya rame. Yakan bi ta bayan katangar gidan kamar mai zuwa gona, don kawai ya ji kukan Raudatu.

Da abin ya ishe shi, wata hantsi ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi sallama a zauren Malam Dabo. Tsohon yana zaune shi kaɗai. Uwaisu ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Baba, wallahi ban bar layinka ba. Kai na tarar a ƙarshe, na kasa..."

"Na sani," in ji Malam Dabo. "Na gan ka. Na san abin da ya tsugunar da kai."

Tsohon ya ci gaba da magana.

"A gabana yaran nan suka yi maganar rumbunka. In buɗe baki in kare mijin 'yata a cikin mutane? Nauyi ya hana ni. Na ce ai hatsi ne, zan aiko maka da wani a ɓoye. Ga inda hatsin ya kai ni."

Allah Ya yafe wa Uwaisu, a wannan lokacin daɗi ya ji. Tunda an san gaskiya, ai iyalinsa za su dawo.

"To Baba, ita Kaltume..."

"Ba laifinka take gani ba. Sunanka ne ba ta iya ji. Ana ambatonsa sai ta toshe kunne tana makyarkyata, nono ma ya ɗauke. Alfarma nake nema, Uwaisu. Ka sauwaƙe mata."

Matarsa ce, 'yarsa ce, ba alƙalin da zai tilasta shi. Da ya ce a ba shi lokaci, da ya ce a bari ya gan ta ko sau ɗaya. Ina ma ya faɗa! Amma suruki ne ya buɗe baki ya roƙe shi.

"To, Baba," ya ce.

Daga baya aka aurar da Kaltume can wajen Bagwai, Raudatu ta tashi tana kiran wani Baba. Kujerar kansilan ma sojoji suka rushe ta, manyan Tsamiya da na Durumi suka koma jam'iyya ɗaya suna cin tuwo kwano guda. Uwaisu bai sake aure ba.

Amma a waccan ranar a zauren, Malam Dabo ya matsa a kan tabarma, ya miƙo masa hannu.

"Taso ka zauna nan. Ai yanzu babu kunya tsakaninmu."

Uwaisu ya ɗaga kai ya dubi fuskarsa. Wani tsoho ya gani, hawaye yana bin gemunsa.