Bayan Koriyar Ƙofa

Makon jiya maƙwabcina ya sa aka yi wa get ɗinsa sabon fenti, warin ya biyo iska ya same ni har kicin. Fentin mai ne da aka sirka da kananzir. Ina tsaye da ludayi a hannu, amma hankalina ya riga ya koma zauren gidanmu na Bukan Sidi, inda Baba yake jingina alluna da bango yana rubuta wa mutane sunayen shagunansu. Shi ya sa na ce yau bari in ba ku labarin wani wasan kwamfuta. Kada ku yi dariya tukuna. Uwar 'ya'ya, malamar makaranta, ta zauna tana maganar gem, na san yadda abin yake a kunne.

Babana mai zanen allon talla ne. Lokacin da aka mai da Lafia babban birnin jiha, aiki ya yi masa yawa har yana korar wani. Sababbin ofisoshi, kyamis, coci, makarantar Islamiyya, kai har mai sayar da doya a bakin titi yana son a zana masa doya a allo. Kuma mutum ne mai tsanani a kan launi. Ba a ce masa ja kawai. Akwai jan manja, akwai jan goro, akwai jan ƙasar hanyar Obi idan an yi ruwa an ɗauke. Ka ɗauko masa gwangwanin da ba shi ba, ko kallonka ba zai yi ba, da bakin burushi zai nuna maka hanyar komawa.

Baffana, ƙanen Baba, shi ya kawo mana kwamfutar daga Jos. Ta gwanjo ce, fara wadda ta koma ruwan ƙwai, allonta da ƙatuwar ƙeya. Ya ce wa Baba nan gaba na'ura ce za ta riƙa yin aikin alluna, gara ya koya tun da wuri. Abin da ya sauke daga mota shi ne akwatin, da allon, da kibod, da maus. Idan an kunna ta takan yi ƙara sau ɗaya, ɗit, shi ke nan, mu kuma muka ɗauka iyakar muryarta ke nan. A cikinta muka tarar da faifai ɗaya da mai ita na farko ya manta, ba kwali ba takarda.

Baba bai taɓa koyon komai na sana'a a kanta ba. Amma ran da muka buɗe faifan nan ya ga hoton farko, sai ya ajiye burushi ya jawo benci.

Ga yadda wasan yake. Jirgin ƙasa ya sauke ka a wani gari na Turawa a tsakiyar duwatsu, ya tafi ya bar ka. Ba kowa a garin. Ƙofofi a buɗe, shayi a kan tebur yana tururi, amma ko kare babu. Ba harbi, ba gudu, ba wanda zai kashe ka. Ka danna nan ka matsa gaba, ka danna can ka juya. Ka tsinci mabuɗi a wani gida, ya buɗe akwati a wani gidan, a cikin akwatin ka sami abin da zai gyara famfo, famfon ya zuƙe ruwan da ya tare wata hanya. Haka dai, sannu a hankali, garin yana buɗe maka kansa. Yaran yanzu ba za su jure masa ba. Wasa ne na mai haƙuri, wanda zai kwana da tambaya a ransa ya tashi da ita.

Ni ce mai riƙe maus, don hannun Baba kullum da fenti, kuma yana danna shi kamar zai kashe kunama. Bayan la'asar, idan an kawo wuta, sai in ji ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka Uwata yake ce min. Ni ina son in yi gaba in ga abin da ke tafe, shi kuwa sai ya tsayar da ni a gaban bango ɗaya yana kallon yadda inuwar taga ta kwanta a kansa. Yakan ce wanda ya zana wannan ya san rana.

Kaka ma ba ta barin mu. Tana zaune a tabarma tana ɓarar agushi, ido ɗaya a kanmu. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne shiga gidajen mutane da muke yi ba sallama, mu kuma kwashi kayansu. Na yi ta yi mata bayani cewa haka wasan yake, dole sai an ɗauka. Ta ce ita dai a garinsu sata ake ce wa wannan. Tun ina yi don tsokana har ya zame min jiki, duk ƙofar da zan shiga sai na yi sallama, ita kuma ta amsa daga tabarma a madadin masu gida.

A ƙarshen garin, can saman tudu, akwai wani dogon gida mai koriyar ƙofa. A gefen ƙofar igiyoyi ne jere suna lilo, kowace da ƙararrawarta a sama. Ka ja igiya, ka ga ƙararrawar ta kaɗa, shi ke nan. Duk sauran ƙofofin garin mun buɗe su, wannan ta ƙi. Wata rana Kaka ta leƙo ta ce, wace irin ƙararrawa ce wannan da ba ta ƙara? Baba ya yi dariya ya ce, "Iya, zane ne. Zane ai ba ya magana." Ni ma na taya shi dariya. Mutumin da ya shekara da shekaru yana zana zakara a allon masu sayar da kaji, bai taɓa jin ɗaya ya yi cara ba, me zai sa ya yi tunanin wani abu daban?

A lokacin mangwaro idonsa ya fara. Zafi ne na fitar hankali, ƙudaje sun cika tsakar gida, shi kuma ya fara tuntuɓe da gwangwanayen da shi da kansa ya ajiye. Kafaɗarsa ta riƙa bugun bakin ƙofa. Mun ɗauka gajiya ce, sai ran da wata maƙwabciyarmu 'yar Tibi mai sayar da sakwara ta dawo da allonta a ka. Ta sauke shi a hankali ta ce, "Baban yara, allo ya ƙare, sunana bai ƙare ba." Harafin ƙarshe rabinsa ne ya hau, sauran ya faɗa iska. Baba ya daɗe yana juya kansa kafin ya gano gefen allon. Ba ta yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ya fi komai ciwo.

Baffa ya kai shi asibiti a Jos. Likita ya ce hawan jinin ido ne, daga gefe yake cin gani yana matsowa tsakiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu ne kawai. Daga nan gidanmu ya zama gidan magani. Kaka ta sa aka yi rubutu. Aka kai shi wurin wata tsohuwa a Obi mai haɗa ganyaye. Mai sakwara ta ce sun sa shi a addu'a a cocinsu. Duk wanda ya kawo, Baba ya karɓa ya yi godiya. Ganin nasa dai ya ci gaba da tsukewa, har ya zama kamar mai leƙe ta bakin bututu.

Ya daina zane, amma bai daina kirana bayan la'asar ba. Sai dai yanzu ba ya tsayar da ni a gaban bango. Kai tsaye tudun nan muke hawa. Rannan yana zaune hancinsa ya kusa taɓa gilashin ya ce, "Uwata, mai zane in ya ɓoye abu haka, to shi ne aikinsa mafi kyau. Ina so in gan shi kafin a rufe ni a duhu."

Ina 'yar firamare aka ɗora min wannan. Wallahi na yi iya yina. Na ja igiyoyin daga dama zuwa hagu, na ja daga hagu zuwa dama, na bi tsawonsu, na bi launinsu. Muka koma kowane gida muna neman alama. A wani shago akwai ɗan akwati, in ka buɗe sai tsuntsun ƙarfe ya fito yana buɗe baki yana kaɗa kai. Mun kalle shi ba adadi. Baba ya yaba gashin wuyansa, muka rufe akwatin muka wuce. Kaka ta ce ƙofar ba za ta buɗe wa ɓarayi ba, mu mayar wa mutane kayansu. A da da mun yi dariya. Ran nan kuwa ba wanda ya yi, gida gida na bi ina ƙoƙarin mayar da mabuɗi da fitila, wasan ma ya ƙi karɓa. Na tambayi malaminmu, bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Baffa ya tambaya a Jos, ba wanda ya san wasan. Ga wuta, sai mun hau tudun a ɗauke ta, mu zauna muna kallon baƙin allo, ni ina lissafin cewa yau ma ta tafi daga cikin kwanakin idonsa.

Damina ta yi nisa, ruwa yana dukan kwano, ran da ya ce in nuna masa inda ƙofar take. Na kama yatsansa na ɗora a kan gilashin. Ya matso, ya ja baya, ya karkata kai. Sannan ya ce in kashe. Bai ƙara kirana bayan la'asar ba. Inna ta lulluɓe kwamfutar da tsohon zani, ni kuma na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban bari kowa ya ji ba.

Bara babban ɗana ya ji ina ba da labarin, ya yi min 'yan tambayoyi, kafin in gama wanke shinkafa ya nemo wasan ya sa min a laftof. Na danna. Jirgi ya yi kuka. Iska ta taso tana kaɗa wani ƙarfe, ga takun ƙafata a kan duwatsu. Ashe garin nan da muka sani shiru tsit cike yake da sauti, mu ne ba mu da sifika. Na tafi shagon nan na buɗe akwatin. Tsuntsun ya fito ya rera wata 'yar gajeriyar waƙa da muryar ƙararrawa. Duk watannin nan amsar yake faɗa mana.

Ban hau tudun ba. Na rufe laftof, da Asabar ta zo na hau mota zuwa Lafia.

Baba yana Akurba yanzu a gidan yayana. Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Na same shi a ƙarƙashin bishiyar kashu da rediyonsa, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na zo da shi. Ya kashe rediyon. Na kunna masa tsuntsun, ya ce in ƙara. Ya bi waƙar da hanci. Na ja masa igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ya ji muryar kowace, daga nan ya fara ba ni umarni kamar da: ta tsakiya, ta ƙarshe, a'a, koma baya. Mun ɓata sau ɗaya ko biyu. Sai muka ji ƙarar sakata. Kafin in danna, na ji bakina ya yi sallama, ba wanda ya amsa.

Ɗaki ne, bangonsa ɗaya duk taga. Ta cikinta ana ganin garin gaba ɗaya a ƙasa, da wani tafki da ba mu taɓa sanin yana nan ba, rana tana faɗuwa a bayansa. Gaskiya ya faɗa, shi ne zanen da ya fi kyau a wasan. Na shiga zayyana masa, ga rufin gidaje, ga tashar jirgi, ga ruwa. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Daga ina hasken yake shigowa?"

Na ce daga hagu. Ya tambayi launin sama, na ce ja ne.

"Wane ja, Uwata?"

Na ce kamar na manja. Na sake dubawa na ce a'a, ya fi shi haske, wataƙila na goro, amma da wani abu a ciki. Shi da kallo ɗaya zai yi ya faɗi sunansa har da yadda aka haɗa shi. Ni ga ido biyu lafiya lau, ga digiri, na kasa.

Idan kuka tambaye ni ra'ayina a kan wasan, zan ce yana da kyau, ko da yake hotunansa sun dushe a idon yau, gefensu ya yi kaushi. Zan kuma ce bai yi mana adalci ba, don ko a wuri ɗaya bai taɓa nuna cewa akwai abin da sai da kunne ba. Amma wa zan kai wa ƙara? Wanda ya yi shi bai san akwai wani zaure a Bukan Sidi ba. Yau yarana in abu ya gagare su, waya suke tambaya ta faɗa musu nan take. Allunan Lafia kuwa duk na'ura ke buga su a leda, kamar yadda Baffa ya faɗa, jansu iri ɗaya ne daga kasuwa har bakin gari. Sai jefi jefi, a wani lungu, in ga tsohon allo da ya kokkoɗe in gane hannun Baba.

Ran nan mun zauna a gaban tagar har batir ya fara ƙorafi. Na ce masa, Baba ka yi haƙuri, ban san sunan jan nan ba. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Ƙara dubawa," ya ce. "Yanzu ai ba sauri nake ba."